Daga Kamun Ƙafa Zuwa Neman Haƙƙi: Tarihin Magana da Yawun Talaka a Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

Kowace al'umma tana da hanyoyin da marar ƙarfi yake bi domin kukansa ya isa kunnen mai iko, kuma a cikin harshenta ne ake taskace sunayen waɗannan hanyoyi. Hausa tana da irin waɗannan kalmomi da dama, kamar ceto, kamun ƙafa, sa baki, nasiha, wakilci, tsaya wa mutum, da kare haƙƙi. Sau da yawa masu fassara a gidajen rediyo da ma'aikatu sukan ɗauke su tamkar 'yan uwa ɗaya uba ɗaya, su sa wannan a gurbin waccan yadda suka ga dama. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa ba zamani ɗaya ya haife su ba, kuma kowace tana ɗauke da nata hoto na dangantakar mutum uku, wato mai kuka, da mai kai kukan, da wanda ake kai wa. Za a bi sawun tarihi tun daga zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa har zuwa shekarar 1979, a tsaya musamman a kan shekarar 1950, lokacin da ma'anar magana da yawun talaka ta yi babban juyi a Arewacin Nijeriya.

2.0 Ƙofa da Alfarma

A tsarin sarautar gargajiya ba a tunkarar mai iko kai tsaye. Manomi yana da mai unguwa, mai unguwa yana da dagaci, dagaci yana da hakimi, wanda kafin zuwan Turawa yawanci a birni yake zaune kusa da sarki, jakadansa ne ke kai da komowa tsakaninsa da ƙauyuka. Shi kansa sarki, bayan kafuwar Daular Usmaniyya, yana da wanda yake bi ta hannunsa kafin ya kai ga Sarkin Musulmi. Wazirin Sakkwato, alal misali, shi ne ƙofar Kano da Zazzau. Wannan kalma ta ƙofa ta isa a yi nazarinta, domin ta bayyana tsarin gaba ɗaya: mai iko gida ne mai katanga, kuma ba a shiga sai ta inda aka tanada. M. G. Smith ya yi bayanin wannan tsari filla-filla a littafinsa kan sarautar Zazzau wanda ya fito a 1960.

A cikin wannan tsari ne kamun ƙafa ya sami gindin zama. Wanda aka ƙwace wa gona, ko aka ɗaure masa ɗa, yakan nemi wani mai fada-a-ji ya kama ƙafarsa, shi kuma ya je ya sa baki. Ba a zuwa hannu rabbana, sai da gaisuwa, ko da kuwa goro ne ko kaza. Abin da ake nema a nan shi ne alfarma, wato a yi wa mutum abu saboda darajar wanda ya roƙa masa. In an yi, godiya ta wajaba a wuri biyu. In ba a yi ba, babu wanda za a tuhuma. Shi ya sa Bahaushe ya ce mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Karin maganar bai ce komai ba game da wanda ba shi da kowa a gindin murhun, kuma nan ne raunin tsarin yake.

Nahawun harshen ma ya nuna wannan. In Bahaushe ya ce da abokinsa, "Ka yi mini magana da wane," nufinsa shi ne abokin ya je ya yi magana a wurin da shi kansa bai isa ya buɗe baki ba. Haka abin yake a roƙa wa, nema wa, da tsaya wa. A duk waɗannan, harafin nan wa yana ajiye mai buƙata a matsayin wanda ake yi wa aiki, mai aikatawa kuwa wani ne dabam. Kalmar ceto ta fi su duka nauyi, domin da ita ake fassara shafa'ar da Musulmi suke fatan samu ranar alƙiyama, da ita kuma ake faɗar tsamo wanda ruwa zai ci. Wanda ake ceto ba shi da wata dabara tasa, jira kawai yake yi.

3.0 Nasihar Malamai

Hanya ta biyu ta zo ne ta hannun malaman Musulunci, kuma tushenta ya bambanta da na farko. Malami ba ya roƙon sarki da darajar kansa, tunatar da shi yake yi da wata doka da take bisa kansu su duka biyun. A ƙarshen ƙarni na 15 Shaihu Muhammadu ɗan Abdulkarimu Almagili ya sauka Kano a zamanin Rumfa (1463 zuwa 1499), ya rubuta masa risala kan wajiban sarakuna. Daga cikin abin da ya fi nanatawa akwai haɗarin sarki ya shige cikin gida ya ɓoye wa talakawansa, da kuma wajabcin ya zauna a inda raunana, har da mata da yara, za su iya kawo masa ƙara da bakinsu. Ke nan tun a wancan lokaci an gane cewa ƙofa tana iya zama shamaki.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo. Wajen shekarar 1788 Bawa ya tara malaman ƙasarsa a Magami domin sallar layya, ya yi musu kyauta mai yawa. Shehu ya ƙi karɓar tasa, ya nemi a musanya masa da abubuwa biyar: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama duk mai rawani, a saki waɗanda ke kurkuku, kuma kada a ɗora wa talakawa harajin da ya fi ƙarfinsu. Biyu na ƙarshe ba su shafi Shehu ko almajiransa kai tsaye ba, na mutanen da ba su halarci taron ba ne. Abin lura a nan shi ne jerin yadda abin ya gudana. Sai da ya mayar da kyautar sa'an nan ya yi roƙon, domin ya san bakin da ya ci ba ya iya musu. Mai kamun ƙafa da yardar sarki yake aiki, saboda haka dole ya lallaɓa ta. Mai nasiha kuwa ƙarfinsa yana ga rashin buƙatarsa da abin hannun sarki.

Nasihar ba ta tsaya ga sarakunan Haɓe ba. Bayan an fara jihadi a 1804, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ga alamun son duniya a cikin jama'arsu, har ya bar rundunar da nufin tafiya Makka. A Kano aka tsayar da shi, inda ya rubuta Liya'ul Hukkami domin ya nuna wa sababbin masu mulki iyakokinsu. Duk da haka, nasiha tana da iyakarta. Magana ce tsakanin malami da sarki, da Larabci ake rubuta ta galibi, kuma talakan da ake yi dominsa sau da yawa bai ma san an yi ba.

4.0 Zamanin En'e

Da Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato a 1903, sai suka riƙe sarakuna suka yi mulki ta hannunsu, a tsarin da Hausawa suka sani da sunan En'e. An fitar da hakimai daga birni an kai su gundumomi, an tsara haraji da jangali, an kuma bar kotunan alƙalai da 'yan doka da gidajen yari a hannun sarki. Sakamakon haka shi ne ƙofofin da talaka ke bi sun ragu, katangar kuwa ta ƙara tsawo. A da, sarkin da ya matsa wa jama'a yana tsoron su yi ƙaura, ko a kai ƙararsa Sakkwato. Yanzu kuwa muddin Razdan ya gamsu da shi, ba mai taɓa shi. Talakan da ya yi ƙarfin halin kai kuka wurin Di'o sai ya bi ta bakin tafinta, kuma galibi a ƙarshe a mayar da ƙarar ga En'en da ya kawo kuka a kanta.

A fagen shari'a ma haka abin yake. Fiƙihun Malikiyya ya san wakili, wato wanda mai ƙara ya ɗora wa ya tsaya a madadinsa gaban alƙali. Lauya kuwa, wanda sunansa ma aro ne daga Ingilishi, dokar Turawa ta hana shi bayyana a kotunan En'e. Don haka mutumin da hakimi ya kai gaban alƙalin da En'e ke biya albashi, shi kaɗai yake tsayawa.

A wannan yanayi ne wani sabon rukuni ya ɓullo, wato 'yan boko. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a watan Janairun 1939 Malam Abubakar Imam yana edita, ta buɗe shafin wasiƙu inda mutum zai iya rubuta damuwarsa da Hausa dubbai su karanta. A 1943 Imam ya je Ingila cikin ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ya gana da Lugga, ya kuma bayyana masa matsalolin Arewa a rubuce. A Bauci kuwa, a daidai wannan lokaci, Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa suna cikin wata ƙungiyar tattaunawa inda ake yi wa jami'an gwamnati da na En'e tambayoyi a bainar jama'a. Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta yi babban taronta na farko a Kaduna a 1949, ta ɗauki yaƙi da jahilci da lalaci da zalunci a matsayin manufarta. Har zuwa nan dai, salon na nasiha ne da ya sauya riga: masu ilmi suna yi wa masu mulki magana a kan talaka.

5.0 Agustan 1950

Abubuwa biyu sun faru a wata guda, kwana 11 kacal tsakaninsu. Ranar 19 ga Agusta 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a Majalisar Wakilai ta Arewa a Kaduna, ya kawo ƙuduri cewa a kafa hukuma mai zaman kanta ta binciki tsarin En'e domin a yi masa gyara. Ya yi magana a kan cin hanci da karɓar gaisuwa, da yadda talaka ba shi da ta cewa a mulkin da ake yi a kansa. Ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne a ce malamin makaranta, wanda ba ɗan sarauta ba, ya faɗi haka a zauren da yawancin wakilansa 'yan ƙasa ma'aikatan En'e ne. Da ƙyar ƙudurin ya tsallake. An sa jami'ai biyu, Maddocks da Pott, suka yi bincike, kuma a 1952 aka soke matsayin da sarki yake da shi na zama shi kaɗai ne En'e, aka wajabta masa aiki tare da majalisarsa. Wannan shi ne ƙololuwar abin da nasiha za ta iya cim ma: an faɗi gaskiya a gaban masu iko, da Ingilishi, bisa ƙa'idar majalisa, an kuma sami gyara daga sama.

Kafin wannan, ranar 8 ga watan, wasu matasa takwas sun haɗu a Kano sun kafa NEPU, wadda aka sani da Hausa da sunan Jam'iyyar Neman Sawaba. Cikinsu akwai Abba Maikwaru, da Bello Ijumu, da Maitama Sule, da Magaji Ɗambatta, da Mudi Sipikin. Malam Aminu Kano ya ajiye aikin koyarwa a Maru kafin ƙarshen shekarar ya rungumi siyasa, ya zama shugaban jam'iyyar a 1953. Takardar manufofin da suka fitar, wadda aka sani da sunan Sawaba, ta zo da wata magana da ba a saba ji ba, wato cewa muradin talakawa da na masu riƙe da En'e sun saɓa wa juna, kuma 'yantar da talakawa aiki ne da talakawan kansu za su yi.

A nan ne juyin ma'ana ya auku. Kalmar sawaba, wadda asalinta Larabci ne mai nufin abin da yake daidai, Hausawa kuma suke amfani da ita da ma'anar sauƙi ko sararawa, ta koma take na siyasa. Kalmar 'yanci, wadda ta samo asali daga ɗa da 'ya'ya a matsayin kishiyar bawa, ta faɗaɗa ta ƙunshi ikon mutum ya ƙi abin da doka ba ta ɗora masa ba. Haƙƙi ya shiga gurbin alfarma, kuma bambancinsu a fili yake: alfarma roƙonta ake yi a gode, haƙƙi kuwa nemansa ake yi, in an hana a ce an yi zalunci. Malam Aminu shi kansa ba ɗan manoma ba ne. Daga gidan malamai da alƙalai na Genawa ya fito, ya yi karatu a Kwalejin Kaduna da kuma Landan, kuma da ya so, da ya zama babbar ƙofa. Abin da aka fi tunawa da shi shi ne koya wa talaka ya ce a'a: ya ƙi noman gandun hakimi kyauta, ya nemi rasit in ya biya haraji, ya san yana iya ɗaukaka ƙara. Da Hausa ake yin lacca a kasuwanni da dandali, mawaƙa irin su Gambo Hawaja da Mudi Sipikin suna isar da saƙon cikin waƙa, kuma teloli da mahauta da 'yan koli da malaman allo ne suka zama ƙashin bayan jam'iyyar. An koma ga hikimar nan ta Hausawa cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

6.0 Abin da Aka Biya

Mai kamun ƙafa, in bai yi nasara ba, abin da zai rasa bai wuce gaisuwar da ya kai ba. Mai neman haƙƙi kuwa da jikinsa yake biya. A zaɓen 1951 NEPU ta yi rawar gani a matakan farko a Kano, amma tsarin zaɓen hawa-hawa ne, kuma an ba En'e damar cusa nata mutane a matakin ƙarshe, saboda haka jam'iyyar ba ta sami kujera ko ɗaya a majalisar Kaduna ba. 'Ya'yanta sun sha ɗauri da bulala a kotunan alƙalai bisa tuhumar zagin sarki ko yin taro ba izini. A Kano har wata ƙungiya aka kafa a 1953 mai suna Jam'iyyar Mahaukata domin ta riƙa far musu.

Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya (1933 zuwa 2001) ita ce babbar shaida a kan wannan. Tana 'yar shekara 17 ta shiga NEPU, ta jagoranci reshen mata, ta je har Abekuta ta gana da Funmilayo Ransome-Kuti, ta riƙa shiga gidaje tana yi wa matan kulle bayani. An ɗaure ta fiye da sau goma, an kuma taɓa korarta daga Kano. Babban abin da take nema shi ne a ba matan Arewa ƙuri'a, wanda ma'anarsa ita ce su daina buƙatar kowa ya yi magana da yawunsu, har da ita kanta. A zaɓen tarayya na 1959, wanda ya kai Malam Aminu majalisar Ikko daga mazaɓar Kano ta Gabas, matan Kudu sun jefa ƙuri'a, na Arewa ba su jefa ba. Sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 aka ba su wannan dama.

Sauran buƙatun ma a hankali suka tabbata, wasunsu ta hannun da ba a zata ba. Gwamnatin soja ce ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e a ƙarshen shekarun 1960, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya rufe babin En'en baki ɗaya. A 1979, da jam'iyyar PRP ta Malam Aminu ta ci jihohin Kano da Kaduna, gwamnoninta Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. Tsakanin roƙon da Shehu ya yi wa Bawa a Magami cewa a sassauta haraji da ranar da aka soke shi da ƙarfin ƙuri'ar masu biyansa, an yi kusan shekara 190.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa Hausa ta gaji hanyoyi uku na magana domin wani, kuma ana iya rarrabe su da tambayoyi biyu: wane ne mai maganar yake jin nauyinsa, kuma a wane hali ya bar wanda ya yi maganar dominsa? Mai kamun ƙafa nauyin mai iko yake ji, kuma yana barin mai buƙata da bashin godiya. Mai nasiha ya kuɓuta daga nauyin mai iko, amma talaka bai shiga zancen ba. Mai neman haƙƙi irin na 1950 nasararsa ita ce ranar da aka daina buƙatarsa. Babu ɗaya daga cikin ukun da ta mutu. Har yau uwar da aka tsare ɗanta a ofishin 'yan sanda takan fara neman wanda zai sa baki kafin ta tuna da lauya, kuma ba laifinta ba ne, domin ta san wace hanya ce ta fi saurin ɓullewa.

Darasin da ke nan ga masana harshe da masu fassara shi ne a kiyaye zaɓen kalma. A yau ana jin fafutuka, da gwagwarmaya, da rajin kare haƙƙin ɗan'adam, ana kuma kiran mai magana da yawun hukuma kakaki, wanda asalinsa sunan dogon ƙahon ƙarfen nan ne da ake busa wa sarakuna. Wannan suna ya dace da aikin, domin kakaki ba ya fitar da sauti sai wanda aka hura masa. Amma in aka kira wanda ke tsaya wa marasa galihu da wannan suna, ko aka fassara aikinsa da neman alfarma ko kamun ƙafa, to an mayar da shi ƙofa, an kuma mayar da abin da doka ta ba ɗan ƙasa kyauta daga mai iko. Mutane sun sha ɗauri da bulala kafin kalmar haƙƙi ta zauna a bakin talakan Arewa da ma'anar da take da ita yanzu. Ya kamata mai ƙamus da mai fassara su san wannan tarihi kafin su jera ta a layi ɗaya da alfarma.